Batirin Sola Tamkar Randa Yake, Ba Rijiya Ba

   

Kwanakin baya wata baiwar Allah daga ƙasar Roni ta aiko mana da kukanta. Ta ce ta ɗauki adashinta, ta sayar da awakinta biyu, maigida ya cika mata, aka haɗa mata sola domin ta riƙa yin ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, yara suna kai mata talla. Da farko wuta har asuba. Yanzu ko shekara ba a rufa ba, da an idar da sallar isha'i sai inbata ta hau kuka, wuta ta ɗauke. Ita tana ganin mai kanti ne ya cuce ta, maigida kuwa ya ce ita ce ba ta iya riƙo ba, har maganar ta fara zama ɓacin rai a tsakaninsu. Ta ce mu gaya mata gaskiya, laifin wane ne?

To 'yar uwa, Allah ya ba ki haƙuri. Akwai jabun kaya a kasuwa, wannan ba a musu. Amma masu gyaran sola za su gaya miki cewa yawancin baturan da ake kawo musu ba mutuwar Allah da Annabi suka yi ba, kashe su aka yi, kuma ba da gangan ba, rashin sani ne. An kawo kaya an haɗa, mai haɗawa ya yi wa maigida bayani a zaure, maigida ya fita kasuwa ko gona ko ofis, aka bar ki da abin da ba wanda ya koya miki. Alhali ke ce kike gida daga fitowar rana har faɗuwarta. Ke ce mai kunnawa, ke ce mai kashewa. Saboda haka tsawon ran batirin nan, bayan ikon Allah, a hannunki yake. Abin da za mu tattauna a kai yau ke nan.

Wutar rana ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Tun zamanin gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya mulki Jigawa daga 1999 zuwa 2007, wata ƙungiya ta Amurka mai suna Solar Electric Light Fund ta haɗa hannu da gwamnatin jiha aka kafa sola a wasu ƙauyuka, cikinsu har da Wawan Rafi ta ƙasar Kazaure. A lokacin abin kallo ne. Wutar da har yau muke kira NEPA, ko da yake an sauya mata suna zuwa PHCN a 2005, kuma tun 2013 kamfanin KEDCO ne ke raba ta a Kano da Katsina da Jigawa, ba kowane ƙauye ta kai ba. Sa'an nan da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, janareto ya gagari talaka, sai jama'a suka koma sola gadan-gadan. Yanzu gidaje da yawa in kin ɗaga kai za ki ga faranti a kan rufi.

Bari mu fara da sanin kayan, don a san na gaba a san na baya. Abubuwa huɗu ne. Akwai farantin sola, wanda wasu ke kira fanel, shi ne mai karɓar hasken rana ya mai da shi wuta. Akwai kwantirola, ɗan akwatin nan mai nuna lambobi, shi ne mai tsaron ƙofa, yana auna wutar da za ta shiga batir kada ta yi yawa. Akwai batir, shi ne ma'aji. Sai inbata, wadda ke juya wutar batir ta koma irin ta NEPA don talabijin da firiza su iya aiki da ita. A cikin huɗun nan faranti mai kyau yakan kai shekara 20 ko fiye yana aiki. Batir shi ne mai tsada, kuma shi ne mai saurin mutuwa.

Ki ɗauki batir tamkar randar ɗakinki. Rana ce mai ɗebo ruwa, faranti shi ne guga. Randa ba ta haifar da ruwa, abin da aka zuba shi za a ɗiba. Kuskuren da muke yi shi ne mu ɗauke ta rijiya, mu yi ta ɗiba muna cewa ai wutar Allah ce, kyauta ce. Hasken rana kyauta ne, gaskiya ne, amma randar da kuɗi aka saye ta. Kuma wannan randa tana da wani hali da ta saɓa wa ta yumɓu: ba ta son a ƙwalƙwale ta. Duk ranar da kika ga gindinta, kin rage mata kwana.

Ga dalili. Batir mai ruwa, irin wanda wani Bafaranshe mai suna Gaston Plante ya ƙirƙiro tun 1859, a cikinsa akwai ɗakuna shida, kowane ɗaki da faifan dalma jere a cikin ruwan asid. Idan kina jan wuta, wani farin ɓawo yana taruwa a jikin faifan nan. Idan aka yi caji, ɓawon sai ya narke ya koma cikin ruwa. Kin san ƙanzon tuwo? In kin kwashe tuwo kika jiƙa tukunya nan take, da safe hannu kawai za ki sa ya fita. In kuwa kika bar ta kwana uku a bushe, sai kin kankare da ƙyar, wani ma ba ya fita. To haka ɓawon batir yake. In aka zuƙe batir ƙarƙaf, ko aka bar shi kwanaki bai cika ba, ɓawon ya ƙeƙashe, caji ba ya narkar da shi kuma. Duk wurin da ya ƙeƙashe ya tashi daga aiki. Shi ya sa za ki ga batir da ɗan hantsi ya nuna ya cika, da magariba ya ƙare. Randar ce ta cika da laka, ruwan da take ɗauka bai fi kofi biyu ba.

Saboda haka doka ta farko, kada ki wuce rabi. Za ki ce yaya zan san rabi, tunda ba leƙawa ake yi ba? Kwantirola ko inbata za su gaya miki, kuma ko ba ki yi boko mai zurfi ba, lambobi uku kawai za ki riƙe. Idan batir ɗaya ne mai bolt 12, da asuba kafin rana ta fito, ki kashe komai, ki je ki yi salla ki yi lazimi ki ɗora ruwan koko, ki bar shi ya huta kamar awa guda, sa'an nan ki duba. In kin ga 12.6 ko 12.7, randa cike take. In kin ga 12.2, kin sha rabi, nan ne iyakarki. In kin ga 11.8 ko ƙasa da haka, jiya an zalunci batir. Wadda aka haɗa wa batura biyu a kan bolt 24, sai ta ninka: 25.4 cike, 24.4 rabi. Ki sa yaro ɗan makaranta ya rubuta miki su a bango kusa da kayan. Kuma kada ki jira kukan inbata ya zama shi ne agogonki. Lokacin da ta fara kuka, an daɗe da wuce rabi, ihun neman agaji take yi.

Yanzu mu yi lissafin cefane, don wuta ma cefane ce. Babban batirin nan dogo da aka rubuta wa 200Ah a jiki, in kin ninka 200 da 12, ya ba ki 2,400. Rabinsa 1,200. Wannan shi ne kuɗin cefanenki na dare ɗaya. Kowane kayan wuta kuma an rubuta wat nawa yake ci, a bayansa ko a kwalinsa. Sai ki ninka da awannin da zai yi a kunne. Ƙwan lantarki huɗu masu wat 10, awa biyar, sun ci 200. Fanka mai tsayawa, wat 60, awa takwas, ta ci 480. Talabijin mai wat 50, awa huɗu, 200. Cajin waya biyar, kamar 75. Ita kanta inbata tana da ladan ganin ido, ko ba ta ɗauke da komai tana ci, a ce 200 a dare. In kin tara, 1,155 ke nan. Kin ga saura ƙiris cefane ya ƙare, kuma fanka ɗaya ce tak. In amarya ma ta kunna tata har asuba, an shiga bashi.

Ina ga dutsen guga? Wat 1,000 ne. Rabin awa kina guga da dare, kin cinye 500, kusan rabin cefanen gida. Hitar dafa ruwa da risho na lantarki sun fi shi haɗama. Duk abin da aikinsa shi ne ya yi zafi, to abokin gaban batir ne. Ki nemi dutsen guga na gawayi ki ajiye, bai tsufa ba. Fanka kuma, akwai ƙanana masu aiki kai tsaye da wutar batir ba sai ta bi ta inbata ba, cinsu bai kai rabin na manya ba. In za a sayi sabuwa, ita za ki ce a sayo.

Doka ta biyu, kuma a nan ne mu matan kulle muka fi kowa sa'a: aikin nauyi da rana ake yin sa. Daga hantsi zuwa la'asar sakaliya faranti yana kwararo wuta, abin da kika kunna a lokacin daga guga yake sha kai tsaye, ba daga randa ba. Ma'aikaciyar da ke fita tun safe sai yamma ba ta da wannan dama, ke kuwa kina gida. To firiza, ki kunna ta wajen ƙarfe tara ko goma na safe, ki kashe ta da la'asar. Ki cika ta da robobin ruwa su daskare, su za su riƙe miki sanyi har wayewar gari, muddin ba a yawan buɗewa. Markaɗe da bilenda, da keken ɗinki na lantarki, da cajin wayoyin maƙwabta da fitilun yara, duk ki tara su tsakanin hantsi da azahar. Amma kada ki jibga su gaba ɗaya har batir ya rasa rabonsa, domin shi ma yana jiran ya cika. Ba a fafe gora ranar tafiya. Randar da ba ta cika da rana ba, ba za ta kai ki asuba ba. Kuma gaskiya ɗaya ce, batir ɗaya da faranti ɗaya ba za su riƙe firiza dare da rana ba. 'Yar uwarmu ta Roni, ina kyautata zaton a nan gizo ya yi saƙarsa.

Yaya za ki san ya cika? Da rana ki riƙa leƙa kwantirola. Lambar za ta yi ta hawa har ta kai wajen 14.4, ta ɗan daɗe a nan, sa'an nan ta sauko ta zauna wajen 13.5. Wannan saukowar ita ce alamar ƙoshi. In kin ga kwana uku, huɗu, lambar ba ta taɓa kaiwa 14 ba, to batirinki da yunwa yake kwana. Ko dai kayan da kike kunnawa sun yi yawa, ko faranti ya yi kaɗan, ko ya yi datti. Batir mai 200Ah yana son faranti da bai gaza wat 300 zuwa 400 ba. A ba shi faranti mai wat 100, tamkar a ce a cika randa da ludayi ne.

Maganar datti kuwa, mu nan arewa maso yammacin Jigawa mun san hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo ya rufe rana, ƙura ta lulluɓe faranti kamar an barbaɗa gari. A irin wannan lokaci a goge shi sau biyu ko uku a mako, da sassafe ko da yamma lokacin da gilashin ya huce, da tsumma mai laushi da ruwa zalla. Ban da omo, ban da soson ƙarfe, kuma kada a watsa ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi da tsakar rana. Kashin tsuntsu ko ganye ɗaya ko inuwar reshen darbejiya da ta faɗa a gefe guda tana iya rage wutar farantin sosai, don haka a sassabe reshen. Faranti kudu yake kallo, a ɗan kishingiɗe. In kin fuskanci gabas kamar za ki ta da salla, hannun damanki shi ne kudu. Tunda ke ba hawa rufi za ki yi ba, kuma bai kamata a tura ƙaramin yaro kan kwano ba, ki shawarci maigida tun ranar haɗawa, in tsakar gida da fili, a kafa shi a kan ƙafar ƙarfe inda hannunki zai kai, nesa da awaki da ƙwallon yara. In kuwa yana sama, a ɗora wa saurayin gida aikin, a sa masa rana.

Haka a cikin marka, watan Agusta, in hadari ya wuni, ki san ranar an yi ƙarancin ɗiba, sai a tsuke bakin aljihu da dare. In unguwarku ana samun wutar NEPA, ko akwai janareto, a ba batir caji ya cika fal aƙalla sau ɗaya a mako. Abu ɗaya da ba a yi ko da wasa shi ne a ɗauko waya daga faranti a maƙala wa batir kai tsaye ba kwantirola. Zai tafasa shi, ruwansa ya ƙone, har ya kumbura.

Doka ta uku, batir yana shan ruwa, amma ba kowane ruwa ba. Nan sai ki saurara da kyau, domin a kasuwa abu biyu ne ake kira ruwan batir. Akwai asid, mai ƙona fata da tufa. Akwai kuma ruwan distil, tataccen ruwa da aka tafasa aka tattara tururinsa, babu gishiri babu ƙasa a ciki. Abin da ke raguwa a batir ruwa ne kawai, asid ɗin yana nan bai je ko'ina ba. Saboda haka distil ake ƙarawa, ba asid ba. In kin aiki yaro ki ja masa kunne ya ce distil. Ban da ruwan rijiya, ban da na burtsatse, ban da fiya wata, duk suna ɗauke da sinadaran ƙasa masu lalata faifan dalma. Dogayen baturan nan suna da ɗan tsinke a kan kowane murfi mai hawa da sauka tsakanin zane biyu. In ya kusa zanen ƙasa, lokacin ƙari ya yi. Ki duba sau ɗaya a wata, da bazara kuwa duk mako biyu. A ƙara bayan batir ya cika da caji, kuma kada a cika har baki, don zai yi ambaliya. Sai dai in kin leƙa kin ga faifan sun fito fili, to a zuba daidai abin da zai rufe su tukuna. Wanda ake kira busasshen batir, mai rufaffen kai, shi ba a buɗe shi, ba a ƙara masa komai.

Doka ta huɗu, inda za a ajiye shi. Batir sanyi-sanyi yake so, wajen digiri 25. Masana sun ce duk ƙarin digiri 10 a kan haka yana raba tsawon ransa gida biyu. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, ɗakin kwano ma ya fi haka. To ki nema masa wuri mafi sanyi a gidan, mai inuwa, mai shan iska. Ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi masa ɗakin kwano marar silin. A ɗora shi a kan katako don kada ruwan damina ko na wanke-wanke ya same shi. Kada ki lulluɓe shi da zane wai don ƙura, kuma kada a kulle shi cikin akwati. Batir mai ruwa idan yana caji yana fitar da wata iska da ba a gani, wadda ke kama wuta nan da nan. Don haka ban da madafi, ban da kusa da kaskon turaren wuta ko garwashin jego, ban da leƙa shi da ashana ko aci-balbal. Tocila ake haskawa da ita. Kuma don Allah kada a sa shi ƙarƙashin gado ko a ɗakin da yara ke kwana.

Kan batir inda aka ɗaure wayoyi, wani lokaci za ki ga farin gari ko kore-kore ya taru. Wannan yana toshe wa wuta hanya. A kashe inbata, a jiƙa 'yar kanwa a ruwa, a tsoma tsohon buroshin haƙori a goge, a tsane da tsumma, a shafa basilin. A kula kada ruwan kanwar ya shiga cikin batir, sai an tabbatar murafen a rufe suke. Kafin ki taɓa wurin ki cire zobe da awarwaro da sarƙa. Kada ki ɗora cokali ko wuƙa ko faranti na ƙarfe a kai, don in ƙarfe ya haɗa kawunan nan biyu, tartsatsin da zai tashi yana narkar da ƙarfen ya ƙona hannu. In kin ji waya ta yi zafi, ko kina jin wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ko batir ya kumbura, ki kashe komai, ki buɗe taga, ki fitar da yara, a kira maigida ya nemo mai gyara. In Allah ya ƙaddara asid ya fallatsa a ido ko a fata, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta minti 15 zuwa 20, sa'an nan a tafi asibiti mafi kusa. Ban da shafa manja ko tozali. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, a garzaya da shi asibiti.

Ga wata kuma da ta shafe mu mata. Za ki tafi gida wanka ki yi arba'in, ko biki ya kai ki Babura ko Ɗambatta ki yi makonni. Kada a bar batir rabi da rabi a kulle ɗaki. A bari ya cika, a kashe inbata gaba ɗaya, amma a bar faranti da kwantirola a haɗe su ci gaba da kula da shi. Batir ko ba a taɓa shi yana zubar da wuta a hankali, da zafi ma ya fi sauri. Gidan da mata biyu ko uku ne kuma, a zauna da maigida a yi magana ta fahimta, a san fanka nawa za ta kwana a kunne, a kuma ɗora duba lamba da duba ruwa a kan mutum ɗaya, ko a bi da shi kamar kwanan girki. Abin da kowa ke da shi, in ba a yi hankali ba, ba mai kula da shi.

In za a sayi sabo, ki ba maigida waɗannan shawarwari cikin ladabi. Batirin mota ba na sola ba ne, an yi shi ne ya ba da ƙarfi na ɗan lokaci ya ta da inji, in ana zuƙe shi kullum watanni kaɗan zai yi. A nemi na sola, a ɗaga a ji nauyi, domin dalma nauyi gare ta, mai 200Ah na gaske yana kaiwa wajen kilo 60, sai ƙarti biyu. A karɓi rasit da takardar garanti a adana. Kada a haɗa sabo da tsoho, tsohon zai ja sabon ƙasa. Na hannu kuma, araha ba ta ado. Wanda Allah ya hore masa, akwai batirin litiyom, dangin na cikin wayarki, wanda kamfanin Sony na Japan ya fara fitarwa kasuwa a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jiharmu ta Jigawa. Shi ba a ƙara masa ruwa, ba shi da nauyi sosai, ana iya shan kashi 80 cikin 100 na wutarsa ba tare da an cutar da shi ba, kuma ya fi daɗewa nesa ba kusa ba. Lambobin da na ba ku ɗazu ba nasa ba ne, shi yawanci kashi cikin ɗari yake nunawa. Sai dai kuɗinsa da nauyi, shi ma ba ya son zafi, kuma sai an saita masa kwantirola daidai da shi.

Magana ta ƙarshe ita ce ranar da batir ya mutu, don komai daɗewa zai mutu. Kada a yarda da masu cewa a zubar da ruwan a zuba sabon asid, ko a jefa gishiri ko ƙwayar magani wai zai farfaɗo. Ƙanzon da ya ƙeƙashe ba ya jin wannan. Abin da na fi jin tsoro shi ne a yar da shi a bayan ɗaki yara su fasa. Dalmar da ke ciki guba ce. Ba mu manta da abin da ya faru a jihar Zamfara a 2010 ba, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma da ke cikin duwatsun zinariya da ake daka wa a cikin gidaje. Waɗanda suka tsira ma, da yawa ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Dalmar nan ita ce dai a cikin batirinki. Gubarta ta fi kama ƙananan yara da mai juna biyu, kuma ba ta da wari ba ta da ɗanɗano. Kada a fasa shi a gida, kada a narka dalmarsa a murhu, kada a mai da kwandonsa mazubin ruwan kaji ko wurin shuka albasa. A mayar wa mai sayar da batir da shi a rufe yadda yake, suna saye, kuma sukan rage kuɗin sabo da shi. Duk wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci.

To 'yar uwarmu ta Roni, wanda ya riga ya lalace sai haƙuri, kuma ba abin da zai sa ki da maigida ku ɓata a kansa, ba wanda ya sani a cikinku. Ku nemi mai gyara na kirki ya auna muku shi, ya kuma lissafa muku ko farantin ya isa. In Allah ya sake hore wani, ki riƙe abin da muka faɗa. Batir mai kyau da aka kula da shi yakan yi shekara uku zuwa biyar yana aiki, wanda aka wulaƙanta kuwa ko shekara ba ya kaiwa. Tazarar da ke tsakani kuɗin makarantar yara ne, jarin sana'arki ne. Gobe da asuba kowacce ta leƙa lambarta ta gani, ta kuma gaya wa maƙwabciyarta da ba ta sami saurare ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Nan za mu dasa aya. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya ba mu zaman lafiya a gidajen aurenmu, ya raya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.